Maki 238 da Burin Likitanci: Mu Nemo Inda Tulun Yake Yoyo

Wata yarinya ta rubuto mini daga Jigawa. Ba zan faɗi sunanta ba, domin kukan da ta kawo na ɗaruruwan yara ne. Sau biyu tana zana JAMB tana neman likitanci. Karon farko ta ci 211, na biyu 238, jami'a ta ba ta kwas ɗin Bayoloji. Mahaifinta ya ce ta karɓa, da hanau gara mannau. Ita kuwa zuciyarta na kan farar riga. Ta rufe wasiƙar da cewa: "Malam, wallahi ina karatu, ko barcin kirki ba na yi. Ko dai sai da hanya ake samu?"

Na ce ta turo mini makin kowane darasi daban, ta turo: Turanci 54, Bayoloji 74, Kemistiri 62, Fizis 48.

'Yata, na yarda kina karatu. Wanda ba ya karatu ba ya cin 74 a Bayoloji. Amma ina da yaƙinin Bayolojin kika fi bai wa lokaci, saboda shi ne mai daɗi, shi ne wanda in kin karanta kike jin kin kama hanyar asibiti. Na shekara da shekaru ina koyar da masu shirin wannan jarrabawa, kuma kusan duk mai son likitanci haka yake yi: yana ta ɗura ruwa ta bakin tulu, gindin yana yoyo. Naki tulun, Fizis ne babbar ɓularsa, sai Turanci.

Kafin mu shiga gyara, ki san girman kasuwar da kika shiga. A jarrabawar 2025, yara fiye da miliyan 1.9 ne suka zauna. A sakamakon da hukumar ta fara fitarwa, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 cikin 400 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su wuce dubu 12 da ɗoriya ba. Kin ga 238 ba abin kunya ba ne, kin wuce akasarin tsararrakinki. Matsalar ita ce likitanci ba ya duban akasari. Kowace makarantar likitanci tana da adadin ɗaliban da Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, ta yarje mata, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta. Ko shugaban jami'a ba shi da ikon ƙara kujera don ya ga yara sun yi yawa. Don haka makin da aka sanar cewa shi ne mafi ƙanƙanta na shiga jami'a, ko wanda jami'a ta ce shi ne sharaɗin sayen fom ɗinta, ƙofar zaure kawai yake buɗe miki. A likitanci daga sama ake fara ɗiba, inda kujeru suka ƙare nan layi ya yanke.

Batun hanya kuwa, ba zan rantse miki cewa babu ita a ƙasar nan ba. Abin da na sani shi ne tun 2017 duk gurbin jami'a ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi, kuma hukumar tana ganin jerin makin kowa. Tsallake mai 310 a ɗauki mai 240 ya fi wuya a yau fiye da da. Mai 238 ce ke buƙatar alfarma. Mu yi ƙoƙari ki wuce wurin. Duk kuma wanda ya ce ki kawo kuɗi ya ƙara miki maki a kwamfutar JAMB, ɗan damfara ne, ko da a gidanku yake cin tuwo.

Yanzu ɗauko biro. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, kuma kowane darasi maki 100 ne. A ƙiyasi, tambaya ɗaya ta Fizis ko Kemistiri ko Bayoloji maki biyu da rabi ce, ta Turanci kuwa ɗaya da kashi biyu cikin uku. Fizis 48 na nufin kin ci kamar 19, kin zubar da 21. Da za ki ƙara cin tambaya 10 a Fizis, 7 a Kemistiri, 7 a Turanci, 3 a Bayoloji, kin taɓa 300. Tambaya 27 ke nan. Idan aka ce miki "ƙaro maki 62" sai gabanki ya faɗi, amma tambaya 27 a cikin wata shida abu ne da ake iya kamawa da hannu. Ki lura kuma cewa a Bayoloji uku kawai na nema, domin duk wahalar da za ki ƙara sha a can ribarta kaɗan ce. A Fizis ne ake tsintar maki a ƙasa.

Me ya sa Fizis ke kayar da yaranmu? Mu mutanen hadda ne. Yarinyar da ta sauke izu goma tana 'yar shekara goma sha biyu, haddace sassan zuciya da aikin ƙoda ba komai ba ne a wurinta, shi ya sa Bayoloji yake mana sauƙi. Sai mu ɗauki wannan baiwar mu kai wa Fizis, mu haddace ƙa'idoji kamar karatun allo. Ranar jarrabawa sai a juya tambayar: an ninka tsawon waya, an rage kaurinta da rabi, me ya sami turjiyarta ga lantarki? Babu lamba ko ɗaya a ciki, mai hadda sai ya tsaya yana kallon kwamfuta. Fizis da hannu ake koyonsa, kamar tuƙin tuwo. Dokar da nake bai wa ɗalibaina ita ce: duk minti goma na karanta bayani, a biyo shi da minti talatin na warware tambayoyi, littafi a rufe. Ki fara da motsi da ƙarfi, sai zafi, sai haske da madubai, sai lantarki, domin nan ne tambayoyin lissafi suka fi taruwa. Ki saba da duba ma'auni kafin ki taɓa lissafi: santimita aka ba ki ko mita, giram ko kilogiram, minti ko daƙiƙa. Masu tsara tambaya sun san inda yara ke tuntuɓe, kuma amsar da za ki samu in kin manta sauya ma'auni tana nan zaune cikin zaɓi huɗun tana jiranki.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: sau da yawa wanda ya ce Fizis ke ba shi wuya, Lissafin aji uku na ƙaramar sakandare ne bai zauna masa ba. Juya ƙa'ida a fitar da harafi ɗaya gefe, raba lamba mai ɗigo, tushen murabba'i, lambobi masu ƙarfin goma. Ba za ki zana Lissafi a JAMB ba tunda likitanci kike nema, amma yana ɓoye a cikin Fizis da Kemistiri. Ki ware mako biyu ki koma masa ba tare da jin kunya ba. Akwai kalkuleta a fuskar kwamfutar jarrabawa, sai dai latsa ta da linzami yana cin lokaci, gara kanki ya iya ƙananan lissafi da kansa.

Kemistiri rabinsa hadda ne, rabinsa lissafi. In kin riƙe lissafin mol da kyau, kin iya daidaita ma'aunin haɗuwar sinadarai, kin san dokokin iskar gas da yadda ake raɗa wa sinadaran kabon suna, bakwai ɗin nan da nake nema sun samu. Ba sai na tsawaita ba.

Inda hadda za ta yi miki rana shi ne tsarinta. Kowane mahaddaci ya san ƙari ba ya zama sai da tilawa, wanda ya yi ta ƙari bai waiwayi baya ba zai wayi gari allonsa fes, kansa ma fes. To haka za ki yi wa karatun boko. Abin da kika koya yau, ki gwada kanki a kansa gobe, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Gwaji nake nufi, wato ki rufe littafi ki faɗa ko ki rubuta, kamar yadda ake ba da hadda a gaban malam. Maimaita karanta shafi ido na bin layi yaudarar kai ce, komai zai yi miki kama da sananne alhali ba ki riƙe shi ba.

Ki sayi littafin rubutu mai kauri guda ɗaya, ki mai da shi littafin kurakurai. Duk tambayar da kika faɗi a gwaji, ki rubuta ta, ki rubuta amsar da kika zaɓa, sannan dalilin faɗuwar da kalma ɗaya: rashin sani, ko gaggawa, ko rashin fahimtar Turancin tambayar, ko kuskuren lissafi. Bayan wata guda ki ƙirga. Yawancin yaran da na sa suka yi haka sun sha mamaki, domin rashin sani bai kai rabin abin da ke kayar da su ba. Wannan littafin shi za ki karanta a makon ƙarshe, ba wani sabon littafi ba. Tsofaffin tambayoyin JAMB kuwa ki yi na shekara goma aƙalla, amma ki yi hattara da amsoshin da ke bayan littattafan kasuwa, akwai kurakurai a cikinsu. In amsa ta saɓa wa littafin darasi, ki kai wa malami. Manhajar darussan da JAMB ke tambaya a kai tana shafinta na intanet kyauta, ki sa a buga miki, duk batun da kika gama ki soke shi.

Sai Turanci, wanda ke cin mu ta fuska biyu: makinsa na kansa, da kuma tambayoyin kimiyya da ake faɗuwa saboda kalma ɗaya ba a gane ba. Ba a koyonsa a wata guda, amma akwai sassan da ake iya kamawa da wuri. Littafin labarin da hukumar ke sanyawa, ki karanta shi da kanki sau biyu, kada ki dogara da taƙaitawar da ake yaɗawa a WhatsApp. An yi shekaru ana The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, a 2025 aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba, don haka ki tabbatar da na shekararki kafin ki saya. Sashen furuci shi ne inda kunnen Bahaushe ke cin amanarsa. Harshenmu bai raba p da f ba, bai raba b da v ba, kuma wasulan Turanci sun fi namu yawa. Ido ba ya koyon wannan. Ki sami ƙamus na waya mai furta kalma, kullum ki saurari kalma ashirin daga tsofaffin tambayoyi kina maimaitawa da baki, ko ƙannenki za su yi miki dariya. Sannan kullum ki karanta shafi biyu na jaridar Turanci, ki rufe, ki faɗi abin da aka ce da Hausa. In kin kasa, ba ki gane ba, ki sake.

Awa biyu ga tambaya 180 daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Yara da yawa sun san amsa, agogo ne ya kashe su. Daga wata uku kafin jarrabawa, duk Asabar ki zauna cikakkiyar jarrabawa a kan kwamfuta, awa biyu cur, ba tashi, ba waya. In babu kwamfuta a gida, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku riƙa zuwa cibiya. Jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa ma ki yi rajistarta, kuɗinta bai kai amfaninta ba. Ki saba da haruffan allon rubutu: A, B, C, D na zaɓin amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙa aiki. Ni shawarata ki fara da Bayoloji ki gama shi cikin minti 20, lokacin da kika tara ki kai wa Fizis. Tambayar da ta riƙe ki fiye da minti ɗaya, ki zaɓi wadda ta fi kwanta miki ki wuce. Ba a rage maki don an faɗi tambaya, saboda haka kada ki bar ko ɗaya babu amsa.

Kin ce ba kya barci. Ki daina wannan. Awa huɗu na karatu da wartsakakken kai sun fi awa tara na gyangyaɗi a kan littafi. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa dab da jarrabawa, wadda aka fi yi a Afrilu, to ki mai da Fizis da Kemistiri bayan sallar Asuba, ki bar karatu mai sauƙi zuwa yamma. A nan ina da magana da iyaye, musamman mata. Ana son yarinya ta zama likita, ana kukan matanmu ba su da likitoci mata da za su duba su, amma ita ce mai wanke-wanke, ita ce mai raino, ita ce mai girkin buɗa-baki, yayanta namiji yana ɗaki an ce kada a dame shi yana karatu. Hajiya, ki ɗauke mata aiki na wata huɗu. Gidan ba zai rushe ba.

Rabin jarrabawar kuma a wurin cike fom ake cinta ko a faɗi. A jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin 100 na gurabe na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lasafta a baya wajen ilimin boko, kuma Jigawa na cikinsu. Kada wannan ya sa ki saki jiki. A cikin kason jiharki ma da zaƙaƙurai za ki kara, irin yaran makarantun kimiyya. Tun 1977 da tsohuwar jihar Kano ta buɗe na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, irin waɗannan makarantu suke cika azuzuwan likitanci a Arewa. Kowa idonsa na kan ABU Zariya, wadda ta fara koyar da likitanci tun 1967, da Bayero mai asibitin Malam Aminu Kano, da Danfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri. Sunansu ne ke jawo cunkoso. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse a ƙofar gidanku, akwai ta kimiyyar lafiya da ke Azare wadda aka kafa a 2021, akwai jami'o'in jihohi irin na Kaduna da Gombe da Yobe, waɗanda suka fi fifita 'yan jiharsu. Lasisin da MDCN ke bai wa wanda ya gama ɗaya ne. Abin da za ki tabbatar kawai shi ne makarantar tana cikin jerin da MDCN da hukumar jami'o'i ta NUC suka amince da su. Kuma ki sani, a likitanci zaɓin farko ne zaɓi. Wanda ya sa jami'a a na biyu, da wuya a waiwaye shi.

Kowace jami'a da yadda take haɗa maki. Wasu suna yin tasu jarrabawar tantancewa su gauraya da ta JAMB, wasu suna ba sakamakon WAEC ko NECO maki. Jami'ar Legas, alal misali, rabi take bai wa JAMB, kashi 30 ga tata jarrabawar, kashi 20 ga sakamakon sakandare. A irin wannan tsari mai A1 ya tsere wa mai C6 tun kafin a zauna. Ki nemi ɗaliban aji biyu na makarantar da kike so, ki tambaye su da nawa suka shiga da yadda aka lissafa. Sun fi kowane mai shagon intanet sani. Kiredit biyar ake nema: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri, Fizis, kuma makarantun likitanci da yawa a zama ɗaya suke son su. In naki haɗi ne na WAEC da NECO, ki bincika tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙananan abubuwa da na ga sun hana yara masu maki shiga: suna ya bambanta tsakanin NIN da WAEC da JAMB, nan A'isha can Aishatu, nan Muhammad can Mohammed, nan an sa sunan gari can babu. Layin wayar da aka yi rajista da shi ya ɓata, ko na wani yaya ne da ya yi tafiya. An manta ɗora sakamakon sakandare a CAPS. An bar wa mai shago lambar sirri, ya latsa karɓar kwas ɗin da ba a so. Sai lalle: JAMB da kanta ta yi gargaɗi cewa yana hana na'ura karanta zanen yatsa. Ko bikin wa ake yi, yatsunki su zauna fari tun makonni kafin rajista har a gama jarrabawa.

To, ki karɓi Bayolojin ko ki bari? Baba yana da gaskiyarsa, zaman gida shekara ta uku yana da nauyi, kuma kin san maganar da za ta fara tasowa. Ra'ayina: ki karɓa, ki sake zana JAMB kina aji ɗaya. Darussan aji ɗaya na kimiyya su ne dai Fizis da Kemistiri da Bayoloji, za su ƙara miki ƙarfi. Abin da ba na so shi ne ki shiga da zaton za a mai da ke likitanci daga ciki. Yana faruwa, amma ga 'yan ƙalilan, wasu jami'o'in ma sun rufe ƙofar. Haka masu karɓar Anatomi ko Fisiyoloji da wannan zato, da yawa sun gama digiri da ciwon zuciya. Wata hanyar ita ce IJMB, wadda ABU ke kula da ita, ko JUPEB: kamar shekara guda, in maki ya yi kyau a nemi shiga aji biyu kai-tsaye. Sai dai kujerun wannan hanya sun fi kaɗan, kusan sai wanda ya share duka darussa ukun. Harhaɗa magunguna, aikin jinya, gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoton majinyata, gashin ƙashi na zamani da likitancin haƙori kuwa sana'o'i ne masu cin gashin kansu. Wanda zai shige su ya shiga don yana so.

Fita waje sai mai hali, kuma a yi da ido buɗe. Yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a Afrilun 2023 sun dawo da ɗalibanmu gida da karatu a rataye. Wanda ya gama lafiya ma sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa majinyaci a Najeriya.

Tambaya ɗaya zan yi miki, ki amsa wa kanki. Karatun likitanci shekara shida ne in babu yajin aiki, kuma na 2022 wata takwas ya ci. A wasu makarantun ana sake tankaɗe a ƙarshen aji ɗaya. A aji biyu za ki tsaya a kan gawa da wuƙa a hannu, makin ci 50 ne, jarrabawar ƙarshen Anatomi da Fisiyoloji da Bayokemistiri tana mayar da mutane gida. Bayan an gama akwai shekarar sanin makamar aiki, akwai ta hidimar ƙasa. Kuɗin makaranta ya tashi, ko da yake tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati. Aikin kike so, da kwanan asibiti da warinsa, ko "Dakta" kike so a kira ki a gidan biki? Na ga masu 300 da suka gane amsar a aji uku.

In aikin ne, ga abin da za ki yi Asabar mai zuwa. Ki ɗauko tambayoyin shekarar da ba ki taɓa gani ba, ki ba Umma wayarki, ki sa ƙaninki ya riƙe agogo, awa biyu. Ki yi wa kanki maki ba sassauci, ki buɗe shafin farko na littafin kurakurai. Sannan ki turo mini lambobi huɗun, tare da adadin tambayoyin Fizis da kika faɗi saboda ma'auni.